An ce ina ɗauke da ƙwayar HPV, ko ita ce ta hana ni samun ciki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Shekaruna 32, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, kuma aurena ya haura shekara guda ba tare da na yi ko ɓatan wata ba. Kwanan baya na je gwajin bakin mahaifa, sai sakamako ya nuna ina ɗauke da ƙwayar cutar HPV, aka ce in koma a sake duba ni. Wata ƙawata ta ce wannan ce ta hana ni haihuwa. Ina da abokiyar zama mai 'ya'ya uku, kuma har yanzu na kasa faɗa wa maigida, don ina tsoron zargin da zai biyo baya. Shin in dakata da neman ciki? Idan na samu, jaririn zai ɗauka? A sakaya sunana.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka.

Ƙawarki ba ta yi daidai ba. HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ba ta hana ƙwai fita, ba ta kuma toshe hanyoyin da yake bi zuwa mahaifa. Cututtukan da ke yin wannan ɓarna su ne irin su gonoriya da kilamidiya, waɗanda a zango muke haɗa su duka mu kira su ciwon sanyi, kuma su suna da magani idan aka gano su da wuri. HPV tana da nau'o'i fiye da 200, kuma mafi yawan mutanen da suka taɓa yin aure ko saduwa sukan gamu da ɗaya daga cikinsu ba tare da sun sani ba. A cikin mutum 10 da suka kamu, kusan 9 garkuwar jikinsu ke kawar da ita cikin shekara biyu. Babu ƙwayar magani ko allurar da ke kashe ta, don haka kada ki ba kowa kuɗinki a kan wani haɗin gargajiya ko maganin matsi da aka ce yana wanke mahaifa. Cusa irin waɗannan abubuwa sai dai ya ƙara jawo rauni a wurin.

Dalilin da ya sa aka ce ki koma shi ne wasu nau'o'in, musamman na 16 da na 18, idan suka daɗe a jiki sukan sauya ƙwayoyin bakin mahaifa a hankali, kuma su biyun nan ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wannan sauyi yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya zama sankara, shi ya sa ake son a riga shi. A ganina, komawar nan ita ce abu na farko da za ki yi, tun kafin ciki ya shiga, domin da zarar mace ta samu juna biyu akan jinkirta mafi yawan irin wannan magani sai bayan haihuwa. Ma'aikaciyar jinya za ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa ta haska fitila, wurin da ya fara sauyawa sai ya yi fari. Idan ba a ga komai ba, ki ci gaba da neman cikinki, ki dai kiyaye ranar da aka sa miki ta sake gwaji. Idan an ga wani abu, akan ƙona wurin da zafi ko a daskarar da shi, ko kuma a yanke ɗan ɓangaren da ya lalace da wata siririyar waya. Yankan yana iya ɗan ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, musamman idan an yanki da yawa, saboda haka ki faɗa wa likita tun farko cewa kina neman haihuwa, ki kuma tambaye shi tsawon lokacin da za ku ƙaurace wa juna har wurin ya warke. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi yana da sashen mata da ke wannan aiki.

Maganar maigida kuwa, ƙwayar tana iya zama a jiki shekara da shekaru ba alama, kuma babu gwajin da zai nuna wanda ya fara kawo ta gida ko yaushe. Shawarata ki nemi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita, domin bayanin ya fi shiga a can fiye da a ɗaki. Abokiyar zamanki ma tana da haƙƙin a gwada ta. 'Ya'yanta mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma sun isa karɓar rigakafin HPV, wanda Ghana ta fara bayarwa kyauta a faɗin ƙasa a 2025. Mai ciki ba a yi mata wannan allura.

Tunda kun wuce wata 12 ba a samu ciki ba, lokacin binciken haihuwa ya yi, kuma na ku biyu ne. Kasancewar maigida yana da 'ya'ya ba ya ɗauke masa gwajin maniyyi, domin lafiyar namiji ma tana sauyawa da shekaru da rashin lafiya. Ke kuma za a duba ko ƙwai na fita, ko hanyoyinsa a buɗe suke, da kuma cututtukan sanyin da na ambata. Ki fara shan folik asid, wato bitamin ɗin da ake ba masu neman ciki, maikirogiram 400 a kullum, tun yanzu.

Game da jariri, ɗaukar ƙwayar a wajen haihuwa har ta yi masa illa abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma ba a yi wa mace tiyatar ciro jariri don kawai tana da HPV. Masu nau'in da ke fitar da tsiro a gaba, wato na 6 da na 11, sukan ga tsiron ya ƙaru lokacin goyon ciki, ya kuma ragu bayan an sauka. Idan hakan ta same ki, kada ki sayi maganin shafawa a kyamis, domin wasunsu, irin su podophyllin, ba su dace da mai ciki ba. Ranar da kika fara zuwa awo ki tafi da takardar sakamakon nan, ki nuna wa ungozoma ta rubuta a littafinki.