Wata nawa ake ginin tsoka kafin a koma gasa?

Tambaya: Na shiga gasar nuna ƙirar jiki, alƙalai suka ce tsokata ba ta cika ba. Nauyina kilo 70. In na yi wata uku ina ci ina ɗaga ƙarfe, zan iya komawa? Daga wani matashi a Ringim.

Amsa: Ƙanena, wata uku ba ya yi. Wanda ya sauko daga gasa jikinsa a tatse yake: kitse ya ƙare, barci ya lalace, sinadarin mazakuta ya yi ƙasa. Wata biyu zuwa ukun farko na farfaɗowa ne kawai, kilon da za ka ga ya dawo yawancinsa ruwa ne da kitse. Daga nan ginin zai kankama, ka ba shi wata 8 zuwa 12, sannan wata 4 zuwa 5 na rage kitse kafin hawa dandamali. Jimilla wata 14 zuwa 20 ke nan.

A tsawon ginin, kada ƙarin nauyinka ya wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wata. Ka hau sikeli da safe kafin karin kumallo, ka ari tef ɗin tela ka riƙa auna ƙugu duk mako biyu. In ƙugu na buɗewa amma ƙarfen da kake ɗagawa bai ƙaru ba, teɓa kake tarawa. Mai nauyinka yana bukatar furotin giram 110 zuwa 150 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka sai ka haɗa da awara, wake, ƙuli-ƙuli, kindirmo da busasshen kifi. Ka fara da kaka, lokacin da wake da gyaɗa ke araha. Da damina noma na cinye abin da ka ci, sai ka ƙara tuwo.

Tambaya: Mai kemis ɗin garinmu ya ce akwai ƙwayar da za ta cika ni a mako uku. In saya? Daga Gaya.

Amsa: Haba malam! In da ƙwaya na gina tsoka a mako uku, wa zai wahala da ƙarfe? Abin da ake sayar muku da sunan "sha ka fashe" galibi dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki. Dexamethasone ruwa yake tarawa, ya kumbura fuska, ya tura kitse ciki da ƙeya, kuma tsokar da kake nema ita yake cinyewa, musamman ta cinya da kafaɗa. Yana hau da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana sha, yankewa farat ɗaya ma haɗari ne. Ya je asibiti a rage masa a hankali.

Allurar gina jiki da ake kawowa a ɓoye kuwa, ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba. Ko ta gaske ce, tana taɓa zuciya, tana rage haihuwa, tana iya fito wa namiji da nono. Ga yawo da sirinji ɗaya tsakanin abokai, hanyar ciwon hanta. Garin furotin da ake aunawa a leda ba suna ba lambar NAFDAC shi ma ka bar shi. Mutum ya sayar da akuya ya sayi garin madara da suga! Kuɗin nan ya isa kiret-kiret na ƙwai da tiyoyin waken soya.

Tambaya: Tun da na fara ginin, layukan cikina sun ɓace, abokai na yi mini dariya. Na ɓata ne? Daga Kazaure.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ka ɓata komai ba. Babu mai zama da jikin ranar gasa duk shekara yana kuma ƙara tsoka. Muddin saman layukan na ɗan nunawa da safe, ci gaba. In sun nutse gaba ɗaya, rage abinci na mako 4 zuwa 6, ka koma ginin.

Tambaya: Creatine fa? Daga Bichi.

Amsa: Wannan yana aiki. Creatine gari ne da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin ƙarfin tsoka. Nau'in da ake kira monohydrate zalla, giram 3 zuwa 5 kullum, a mazubinsa na kamfani da ba a fasa ba. Mai ciwon ƙoda ya fara ganin likita.