Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗana ya ce shi tsalle zai riƙa a matsayin sana'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zaune a Gwammaja. Ina da yaro ɗan shekara 15 yana aji ɗaya na babbar sakandare, shekara biyu a jere shi ke cinye dogon tsalle a intahaus ɗin makarantarsu, yanzu malamin wasanninsu ya ce wai ya gwada wani tsalle mai taki uku. Yaron nan ya bi ya ishe mu da tsalle-tsalle a tsakar gida, har cewa yake shi abin da zai yi kenan a rayuwa. Ni dai ƙwallo na sani. Don Allah meye wannan tsalle ukun, akwai wanda ya taɓa cin abinci da shi, kuma ba zai kashe masa karatu ba? Daga wani uba a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana shi. Wallahi na ji daɗin wasiƙar nan, don yawanci iyaye ko tambaya ba sa yi, kawai sai dai a ce wa yaro ya bar shirme ya ɗau littafi.

Bari na fara da shi tsallen. Ka san langa ai, toh ka riƙe ta a ranka. Ɗan wasa zai sheƙo da gudu a kan layi mai tsawon mita 40 ko fiye, a ƙarshensa akwai wani farin katako mai faɗin santimita 20 da aka binne daidai da ƙasa. A dogon tsalle zai taka katakon nan ya tashi sau ɗaya ya dira cikin ramin yashi, shi kenan. A tsalle uku kuwa in ya taka katakon da ƙafar dama zai sauka a kan damar nan dai kamar mai langa, daga nan ya yi wani dogon taki ya sauka a kan hagu, sannan hagun ta cilla shi cikin yashi, kuma a manyan gasa katakon maza yana nesa da ramin da mita 13, na mata 11, kaga ke nan taki biyun farko duk a kan tauri ake yin su ba a yashi ba. In ɗan yatsan takalmi ya gota bakin katakon ko da ƙiris ne an soke tsallen. Awo kuma daga bakin katako ake yi zuwa shaidar da ta fi kusa da shi a cikin yashin, wato in ka dira ka dafa hannu ta baya toh daga hannun za a auna maka. A zagayen ƙarshe galibi kowa zai gwada sau uku, mutum 8 da ke gaba a ƙara musu sau uku.

Tunda ƙwallo ka sani bari na auna maka da fili. Daga layin raga zuwa bakin da'irar yadi 18 mita 16.5 ne. Jonathan Edwards ɗan Ingila ya yi mita 18.29 a Suwidin a 1995, taki uku kacal ya wuce wannan akwatin gaba ɗaya da rara, kuma har yau ba a samu wanda ya karya wannan tarihin ba. A dogon tsalle Mike Powell na Amurka ya yi 8.95 a Tokiyo a 1991, faɗin raga kuwa 7.32 ne.

Wanda nake so ka zaunar da yaronka ku kalli bidiyonsa tare shi ne Hugues Fabrice Zango, ɗan Burkina Faso, nan maƙwabta, haifaffen Wagadugu a 1993. Ƙasarsu ba ta fi mu kayan wasa ba, ba ta fi mu kuɗi ba. Ya je Olamfik na 2016 a Burazil ko zagayen ƙarshe bai kai ba, aka dawo gida hannu rabbana. Bai bari ba. Ya tafi Faransa karatun injiniyan lantarki, a can ya koma hannun Teddy Tamgho, Bafaranshen da ya taɓa zama zakaran duniya a 2013, yana shiga aji yana zuwa atisaye. A 2019 a gasar duniya a Doha ya samu tagulla da mita 17.66. A watan Janairun 2021 ya yi 18.07 a rufaffen fili, ya zama mutum na farko da ya haura mita 18 a irin wannan filin, kuma tarihin da ya goge na kocin nasa ne, 17.92, kocin na tsaye yana kallo. A shekarar ya ci tagulla a Olamfik na Tokiyo, lambar Olamfik ta farko ke nan a tarihin ƙasarsu kaf. 2022 azurfa a gasar duniya a Amurka, sai a 2023 a Hangari ya ɗau zinare da 17.64 yana ɗan shekara 30. Ka lissafa Alhaji, daga ranar da aka fitar da shi a Burazil zuwa ranar zinaren shekara 7 ne cur, tagulla, tagulla, azurfa, sannan zinare, kamar mai hawa matakala. Kuma a cikin wannan hidimar ya gama digirinsa na dakta. Wannan shi ne amsata a kan maganar karatu, ni ban yarda dole sai an zaɓi ɗaya ba, kuma in yaron ya ce zai ajiye littafi saboda tsalle toh a nan ne za ka murtuke masa fuska.

Batun cin abinci kuwa ba zan ɓoye maka ba, ba kamar ƙwallo ba ne. Wanda ya ci zinare a gasar duniya ta 2023 dala 70,000 aka ba shi, a Olamfik na Faris a 2024 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba masu zinare dala 50,000. Kuɗi ne masu kauri in ka juya su naira, amma mutum ɗaya ne a duniya ke ɗauka, sauran ɗaruruwan da ke bayansa da ƙyar wasu ke biyan koci da kuɗin jirgi. Abin da ya fi tabbas a wajen 'yan Najeriya shi ne tsallen ya buɗe maka wata ƙofar. Wasunsu jami'o'in Amurka ne ke ɗaukarsu su yi karatu kyauta suna yi wa makaranta wasa, kamar Ruth Usoro da ta yi jami'ar Texas Tech, tana dogon tsalle tana tsalle uku, ta kuma cinye gasar jami'o'in Amurka a tsalle uku a 2021. Wasu kuma aikin ɗamara suke samu ta dalilin wasan, ɗan sanda ko kwastan ko soja, don duk suna da 'yan wasansu.

Yanzu abin da ya fi damuna a wasiƙarka, tsalle-tsallen tsakar gidan nan. Don Allah yau ɗin nan ka hana shi yin tsalle uku a kan siminti. Lokacin da ɗan wasa ya sauka a takin farko nauyin da ke dukan ƙafa ɗayan nan yana haura ninki goma na nauyin jikinsa, gwiwa da idon sawu da agara su ke sha. Manya ma da likitoci ke bin su ba su tsira ba, Christian Taylor na Amurka da ya ci zinaren Olamfik sau biyu, 2012 da 2016, ciwon gwiwa sai da ya sa ya canza ƙafar da yake tashi da ita, daga baya a 2021 agararsa ta tsinke. Yulimar Rojas 'yar Benezuwela mai riƙe da tarihin mata na 15.74 ita ma agarar ce ta hana ta zuwa Faris. Ɗan shekara 15 ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Shawarata ya ci gaba da dogon tsallensa, ya dage da gudun mita 100 don duk nisan tsalle daga gudu yake fitowa, tsalle ukun kuma ya koya a hankali a kan ciyawa ko yashi da gajeren gudu, gaban wanda ya san abin. Haɗa biyun ba laifi ba ne, Will Claye wanda iyayensa 'yan Saliyo ne ya ci tagulla a dogon tsalle da azurfa a tsalle uku duk a Olamfik na Landan 2012, sai dai irinsu ba su da yawa. Ka ɗau yaron da kanka ku je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da sassafe, ku nemi masu horar da 'yan guje-guje na jiha, ka ga kocin ido da ido, ka tambayi yadda ake zaɓen yaran da ke wakiltar Kano a gasar matasa ta ƙasa. Sannan ka ja masa kunne sosai, duk wanda ya miƙo masa ƙwaya ko allura da sunan ƙarin ƙarfi ya gudu, Blessing Okagbare da ke da azurfar Olamfik ta 2008 a dogon tsalle dakatarwar shekara 11 aka yi mata a kan wannan.

TAMBAYA: Malam gardama ce ta kaure a majalisarmu, ni na ce 'yan ƙwallonmu na Atlanta 96 su suka fara ciyo wa Najeriya zinare a Olamfik, wani abokina ya ce wata mata ce. Waye da gaskiya? Daga wani matashi a Fagge.

AMSA: Ƙanina sai dai ka yi haƙuri ka sayi shayin, abokinka ya fi ka gaskiya, amma da kwana ɗaya tak. Chioma Ajunwa ce, 'yar sanda, ta ci zinare a dogon tsalle ranar 2 ga Agusta 1996 da mita 7.12, kuma a tsallenta na farko ta yi shi, sauran suka yi ta bi har aka tashi ba wadda ta kamo ta. Su Kanu washegari 3 ga wata suka doke Ajantina 3 da 2. Abin da zai ba ka mamaki ita ma 'yar ƙwallo ce da, tana cikin tawagar matan Najeriya da ta je kofin duniya na 1991. Wannan 7.12 ɗin ya zauna a matsayin tarihin Afirka kusan shekara 25, sai a 2021 Ese Brume 'yar jihar Delta ta yi 7.17, saura santimita 15 ke nan ta tsallake faɗin raga daga wannan turke zuwa wancan. Ita ce kuma ta ciyo mana tagulla a Tokiyo a shekarar, ta ƙara da azurfa a gasar duniya ta 2022.