Abin da ya sa ba za mu shafa wa bangon nan siminti ba

Ka tambaye ni jiya muna kan tsani: "Maigida, me ya hana mu yi wa gidan nan shafen siminti mu huta, tunda ƙasa ce kawai?" To, saurara ɗana.

Irin waɗannan ƙananan gidajen ƙauye na yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila, ginin ƙasa ne da mutanen nan ke kira kob. Ƙasa ake kwaɓawa da ruwa da karan alkama, a tattake, a ɗora hawa-hawa, kowane hawa sai ya sha iska kafin a aza masa wani. Kaurin bangon kan kai ƙafa 2. Ka lura ba a kan tsurar ƙasa ya zauna ba, harsashin dutse aka yi masa, jinkar kuma ta zazzago ta yi masa rumfa. Shi ya sa masu sana'ar nan ke cewa a ba shi hula mai kyau da takalmi mai kyau.

Bangon ƙasa numfashi yake yi. Yana shan laima, yana fitar da ita. Siminti kuwa ƙanƙamewa yake, ya tsage, ruwa ya bi tsagar ya shige, ya rasa mafita. Na taɓa ɓamɓare irin wannan shafen a wani gida. Daga waje sumul, amma da na cusa hannu sai na damƙo ƙasa jiƙe sharkaf kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa, karan ciki ya ruɓe ya yi baƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin bangon ya girmi kakannin wanda ya shafa masa simintin. Farar ƙasar da ake gasawa daga dutse, ita ke barin laima ta fita, ita za mu kwaɓa da yashi.

Ga kuma hukuma. Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar adana wuraren tarihi ta Ingila, wato Historic England, ke kula da ita, kuma bisa dokar kare gine-ginen tarihi ta shekarar 1990 laifi ne a sauya kamanninsa ba da izinin ƙaramar hukuma ba, ko da taga ce.

Ramin da ke gindin bangon gabas, da busasshen bulon ƙasa za mu cike shi, ɗan'uwan tubalinmu na gida ne. Ɗanyar ƙasa in ta bushe tsukewa take, ta rabu da tsohon bango. Gobe ka fara yayyafa wa wurin ruwa kaɗan kafin in iso, kada ka jiƙa shi da yawa.