Kwaɓin burodi a firiza, ga amsar tambayarka

Ɗana na ga saƙonka, kana tambaya in kwaɓi ya yi maka yawa a gida ko za ka iya sa shi a firiza ka gasa wani satin. Eh ana yi, ni ma ina yi, amma sai ka san halin yis tukuna.

Yis abu ne mai rai. Sanyin firiza ba ya kashe shi duka, barci yake sa shi, sai dai ruwan da ke cikin kwaɓin in ya daskare ƙanƙara yake zama, ita ce ke fasa wasu ƙwayoyin yis ɗin kuma tana tsinka danƙon nan da ka sha wahalar murzawa. Shi ya sa duk kwaɓin da zai shiga firiza nake ƙara masa yis, inda na saba sa cokali 4 sai in sa 5. Kuma da ruwa mai sanyi nake kwaɓawa don kar yis ya farka da wuri, wanda ya riga ya fara aiki shi ya fi saurin mutuwa a sanyi.

Kana gama murzawa kar ka jira ya tashi. Yanka shi daidai girman da za ka gasa, ka mulmula, ka shafa mai kaɗan, ka sa a leda ka matse iskar tas ka ƙara wata ledar a kai. Kar ka kuskura ka sa shi dunƙule ɗaya babba, bayansa zai daskare tsakiya kuma yis na can yana ta aiki har ya yi tsami. Rubuta ranar a jikin ledar. A firiza mai riƙe sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri zai kai sati 3 zuwa 4 lafiya, bayan nan ƙarfin tashinsa raguwa yake.

To amma abin da ya fi damuna da tambayar nan taka shi ne wuta. In aka ɗauke wuta tun safe kwaɓi ya saki, yis ya farka ya fara cin sukari, da daddare aka kawo ya sake daskarewa, wallahi ya lalace ko da a ido ka ga kamar ba abin da ya same shi. Na taɓa asarar kwaɓi mai yawa ta haka, na gasa ya fito a daƙushe da nauyi kamar bulo ga warin tsami, raina ya ɓaci sosai ranar. Don haka ka duba tsakani da Allah, firizarku tana riƙe ƙanƙara kwana da kwanaki? In ba ta yi, gasa burodinka gaba ɗaya, ya huce sarai, sai ka sa gasasshen a firiza, shi ba ruwansa da mutuwar yis.

Ranar gashi kuma ka sauko da shi firij tun dare ya saki a hankali, ban da ruwan zafi ban da shanya shi a rana. Da safe ka sa a gwangwani ka rufe, zai fi sabon kwaɓi jinkirin tashi don haka kar ka bi agogo. Danna shi da yatsa, in ramin ya ciko a hankali bai cika duka ba to ya isa shiga oben. Fara gwadawa da guda 2 kawai ka kawo min in gani.