Tambaya da Amsa: Ɗalibin Bincike da Hunturun Zariya

Wasiƙun wannan fitowar daga masu karatun digiri na biyu da na uku suke, kuma duk a kan hunturu suka tsaya.

Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a digiri na biyu a Samaru. Tun da hunturu ya kama na kasa tashi karatun dare, da rana kuma ina ɗakin gwaje-gwaje. Na bar ƙwallon da nake bugawa da yamma don in rubuta babi na uku, amma babin bai motsa ba, jikina kuma ya mutu. Ina mafita? Wani ɗalibi, Samaru.

Wa alaikumus salam. Malam, ka koma fili. Lokacin da ka ƙwace daga hannun ƙwallo ba lokacin rubutu ba ne tun asali. Wanda ya wuni a tsaye yana awo da wankin kwalabe, in ya zauna bayan la'asar sai dai ya yi ta kallon shafi ɗaya, ƙarshe ya ɗauki waya.

Ka fara duba yadda ranar take. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Zariya sai wajen 6:45, kuma da 6:15 na yamma ta riga ta faɗi. Sanyi ya fi tsanani daga ƙarshen dare zuwa fitowar rana, wato daidai lokacin da kake tilasta wa kanka tashi. Ka haƙura da tashin ƙarfe biyu. Ka kwanta da goma, in ka dawo sallar asuba kada ka koma cikin bargo. Ka sa rigar sanyi da safa, ka zuba shayi mai citta a filas tun dare, ka zauna daga 6:00 zuwa 8:00 kana rubutu zalla, waya tana nesa da kai. Da sanyin safiya ake kama fara. Shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, shafi ashirin ke nan a wata, kuma babi na uku da wuya ya wuce haka.

Abin da ke ɓata wannan zama shi ne rashin sanin inda za a fara. Kafin ka kwanta ka rubuta a takarda abin da za ka yi gobe, ka kuma yanka shi ƙanana. "Rubuta babi na uku" ya yi girma. "Bayanin yadda aka ɗebo samfuri, sakin layi biyu" shi ne daidai.

Daga tara zuwa azahar na ɗakin gwaje-gwaje ne. Tsakanin azahar da la'asar ka yi aikin da ba ya cin ƙwaƙwalwa: shigar da alƙaluma, gyara manazarta, neman maƙalu a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello. Bayan la'asar kana da kusan awa biyu kafin magariba. Kwana uku a mako ka ba ƙwallo su, ka tsayar da ranakun, abokan wasa su san su.

Filin hunturu yana da nasa sharri. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, tsoka kuma a ɗaure take saboda sanyi, shi ya sa targaɗe ke yawa. Ka yi minti goma kana sassarfa da miƙe gaɓoɓi kafin a take leda. Ka sha ruwa kamar rabin lita awa ɗaya kafin wasa ko da ba ka jin ƙishi, domin busasshiyar iska tana shanye gumi tun bai fito fili ba. Ranar da hazo ya yi kaurin da ba ka hango ƙarshen fili sosai, a ɗage wasan. Mai asma kuwa abin shaƙarsa ya kasance a bakin fili, ba a ɗaki ba.

Ina aiki a kan ƙasar noma da ganyen kayan lambu. Sakamakon da nake samu a watan Janairu ya sha bamban da na Satumba, kwamfutata kuma tana zafi tana kashe kanta. Ƙura ce ko kuskurena ne? Wata ɗalibar digiri na uku, Hayin Dogo.

Malama, ƙura tana iya yin duka biyun. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana ɗauke da ƙurar Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙura ce mai laushi ƙwarai, tana shiga ko taga a rufe take, kuma ma'adinai ce. In ta sauka a kan ganyen da kika shanya, za ta ƙara yawan tokar da za ki samu bayan ƙonawa, ta kuma ɗaga adadin sinadaran ƙarfe da kalsiyam, alhali ba daga shukar suka fito ba.

Ki wanke ganye da ruwan famfo, ki ɗauraye sau biyu da tataccen ruwa, ki sa a ambulan takarda ki busar a oba, wato na'urar busarwa ta ɗakin gwaji, a kan maki 65 zuwa 70 na ma'aunin Salsiyas har nauyi ya daina sauka. Ƙasa kuma a baza ta a faranti cikin ɗaki, a inuwa, a yafa mata farar takarda, sannan a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Shanya a baranda ya haramta a wannan lokaci. Duk zagayen gwaji ki haɗa da kwalba guda da babu samfuri a ciki, ta bi duk matakan da sauran suka bi. In ta nuna wani abu, kin san gurɓata ta shigo.

Sai batun sikeli. Iska in ta bushe, gari yana manne wa roba, lambobi su yi ta rawa. Ki yi awo a kwanon gilas ko na ƙarfe, ki rufe ƙofofin sikelin, ki jira lamba ta tsaya. Ki riƙa rubuta zafin ɗaki safe da rana a littafin aikinki. Masu jarrabawa suna tambayar wannan ranar kare kundi, kuma "zafin ɗaki" na Janairu da asuba ba ɗaya yake da na Afrilu ba.

Kwamfuta kuwa ƙura ce ta toshe mata hanyar iska, sau da yawa kuma bargo ya ƙarasa ta, don mutane suna ɗora ta a kan gado saboda sanyi. Ki ɗora ta a tebur ko faranti. Ki kashe ta, ki zare caja, ki share ramukan iska da busasshen buroshi mai laushi duk mako. In za a hura mata iska, a tokare fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa da ƙarfi ta lalace. In ba ta daina ba, mai gyara ya buɗe ya share, ya sauya man rage zafi da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kafin ta bar hannunki ki kwafe kundin wuri uku: filash, Google Drive, da imel ɗinki, da kwanan wata a jikin sunan fayil.

Ina kiwon kaji kaɗan a bayan gida don nishaɗi, amma duk hunturu sai su mutu, ga karatu ya hana ni kula da su. In bari ne? Wani ɗalibi, Tudun Wada.

Kada ka bari, ka rage. Kaji goma ba sa cin fiye da minti ashirin safe da yamma. Abin da ke kwashe su a wannan lokaci galibi cutar Newcastle ce, mai sa kaza gudawa koriya, ta karkace wuya, ta yi ta haki. Ba ta da magani, sai rigakafi. Ana ba da rigakafin Lasota ko I-2 tun kafin sanyi ya shiga, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Ka saya a wurin da ke ajiye shi a firji, ka ɗauko cikin ƙanƙara, ka yi amfani da shi cikin awa biyu da haɗawa, da ruwan da babu kilorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi. Ka rufe gefen akurki na arewa da gabas da buhu, ka bar sama a buɗe. Kazar da ka sayo a kasuwa ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga cikin sauran. 'Yan tsaki kuma kada ka ɗauko su a watan da za ka gabatar da semina, don makonsu na farko suna buƙatar ɗumi na maki 32 zuwa 35 dare da rana.

Zan iya kunna gawayi a ɗaki in yi karatu? Wata ɗaliba, Kongo.

A'a, 'yar'uwa, muna roƙon ki. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai karatu ya ɗauka gajiya ce ya kwanta, wasu ba sa tashi. Ki sa riga biyu ko uku marasa nauyi maimakon ɗaya mai kauri, da safa da hula, ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma. In ƙafa ce ke damun ki, ki zuba ruwan ɗumi a gora mai murfi, ki naɗe da tawul ki ajiye ƙarƙashin tebur. Hitar da ake tsomawa a bokiti kuma a zare ta daga soket kafin a taɓa ruwan, a kuma zare ta da zarar an ɗauke wuta, domin in aka dawo da ita ba kowa a ɗaki nan gobara ke tashi.

Mai duba aikina ya gan ni na dawo daga hawan dutsen Kufena ranar Asabar. Tun lokacin nake jin nauyinsa. Wani ɗalibi, Palladan.

Malam, abin da malaminka yake jira shi ne babin da ka yi alkawari. Ka kai masa a ranar da kuka tsayar, a buge, da gyaran da ya yi a baya a haɗe don ya ga ka bi. In ka san mako mai zuwa ba zai yiwu ba, ka gaya masa tun yau. Kufena kuma ku riƙa hawa bayan ƙarfe takwas, hazo ya ɗan washe, kowa da ruwa lita ɗaya da takalmi mai kama dutse, kuma kada ka hau kai kaɗai.