Sunayen Itatuwa da Namun Daji: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a Gwale, Kano. Zan kai ɗalibaina Gidan Zoo, ina so su dawo da sunayen itatuwanmu na gida. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara daga unguwanninsu. Ɗorayi jam'in ɗorawa ne, Giginyu jam'in giginya, ga Kurna, ga Kasuwar Rimi, ga Durumin Iya. Abin da ke sosa mini rai shi ne yaro ya tashi a Ɗorayi, ya kammala sakandare, amma bai san sunan itace yake ambata kullum ba. Komai a wurinsa "bishiya" ne, in ya yi ƙoƙari ya ce darbejiya, wadda ma baƙuwa ce daga ƙasar Indiya.

Kada ki tsaya ga suna kawai, domin suna shi kaɗai ba ya zama a kan yaro. Kowane itace ki ba su abu uku: ganye, ɗa, da amfani. Ɗauki ɗorawa. A rani take fure, ja, dunƙulalle, yana reto a doguwar igiya. A cikin kwanson akwai gari rawaya mai zaƙi, ƙwayar kuma sunanta kalwa, ba "irin ɗorawa" ba kamar yadda nake ji yanzu. Kalwa ake dafawa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, ta zama daddawa. Kwanson kuwa shi ne makuba da ake yin daɓe da ita. Kin ga itace ɗaya ya ba su kalma huɗu. Itace biyar ya isa a yini guda; in suka wuce haka sai su cakuɗe.

Tambaya: Me ake nufi da "inuwar giginya, na nesa ka sha"?

Amsa: Tsaya a gindinta da hantsi ka gani. Doguwa ce, ba reshe, ganyen na can ƙololuwa, don haka inuwar nesa take faɗawa. Ana faɗa wa mai alheri ga bare, nasa na gida suna cikin rana. Kuma a daina haɗa ta da goruba: goruba tana yin rassa, giginya miƙewa take sambal. Daga giginya ake samun muruci da azara, daga goruba kaba.

Tambaya: "Gaba kura, baya siyaki." Mene ne siyaki?

Amsa: Ɗan'uwan kura ne. Kura dabbare-dabbare gare ta, ta fi girma, ita ce mai kukan nan kamar dariya. Siyaki zane-zane ne a jikinsa, da geza a gadon baya. Ma'anar: duk inda ka juya halaka ce.

Tambaya: Barewa da gada ɗaya ne?

Amsa: A'a. Gada ƙarama ce, mai gajeren ƙaho, mai maƙewa a duhuwa. Barewa ta fili ce, shi ya sa aka san ta da gudu har aka ce ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tambaya: Kukar miya da kukan jariri kalma ɗaya ce?

Amsa: Rubutu ne ya haɗa su. A ta itace murya sauka take a gaɓar ƙarshe, a na hawaye kuwa a sama take zama. Jinsi ma ya raba su: kukar gidanmu, amma kukan yaro.

Tambaya: Damo ko guza, wanne ne sarkin haƙuri?

Amsa: Damo. Shi ne na tudu; guza a bakin ruwa ake samunsa.