Tun da aka yi min gyaran fuska da asid, jan ya ƙi tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mako uku ke nan da wata mai gyaran jiki ta shafa min ruwan asid don tabon ƙuraje, ta haɗa ni da man asid na glycolic na shafawa kowane dare. Yanzu kumatuna sun yi jajir, suna saɓa, ko ruwa ya taɓa sai raɗaɗi. Ina mafita?
Daga wata 'yar'uwa, Anguwan Rogo, Jos

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ajiye man nan tun daga daren yau. A saman fata akwai siririn rufi na matattun ƙwayoyi da maiƙo, shi ke riƙe danshi. Asid ya zaftare shi, ke kuma kullum kina ƙara masa kafin ya farfaɗo. Glycolic ya fi sauran 'yan'uwansa kutsawa saboda ƙanƙantar ƙwayarsa, ga iskar hunturun Jos tana tsotse ɗan ruwan da ya rage.

Ki ba fuskar hutun mako 2 zuwa 4. Wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da tafin hannu, ban da soso, ban da sabulun salo. Kafin ta bushe ki shafa mai marar turare mai ɗauke da glycerin ko ceramide, da dare ki ɗora Vaseline kaɗan. Dilka, halawa, lemon tsami da man shafawa mai retinol duk su jira.

Abin da ya fi damuna shi ne rana. A baƙar fata jan nan yakan rikiɗe ya zama baƙin tabo mai ɗaukar watanni, kuma Jos tudu ce mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta na ruɗin mutane su ɗauka ranarta ba ta ƙuna. Ki shafa man kariyar rana mai SPF 30 ko fiye kowace safiya, ki maimaita bayan awa 2 in kina waje.

Kada a ruɗe ki da man bilicin mai clobetasol: zai kwantar da jan nan take, daga baya ya sirantar da fata. In kuwa kin ga kumburi, bororo ko mugunya, ko wata guda ya cika ba sauƙi, sai ki ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH).

Bayan kin warke, in za ki koma wa man glycolic, nemi wanda asid ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, mai lambar NAFDAC. Gwada shi a bayan kunne, ki jira awa 48, sannan ki fara da sau ɗaya a mako.